Mako Ɗaya, Makoki Biyu: Yadda Duniya Ta Je Paris Ta Bar Baga

Da asubahin Asabar 3 ga Janairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka auka wa sansanin rundunar haɗin gwiwa da ke Baga, a gaɓar Tafkin Chadi. Sojoji suka ɗan taɓa, sannan suka janye. Abin da ya biyo baya kwanaki ya ɗauka: harbi a cikin gari, harbi a jeji, wuta a Baga da Doron Baga da ƙauyukan da ke kewaye da su a ƙaramar hukumar Kukawa. Wasu suka yanki daji suka nufi Monguno da Maiduguri. Wasu suka cika kwale-kwale, wasu suka faɗa ruwa da ƙafarsu, kuma ba duka suka kai gaci ba.

Ana cikin haka, ranar Laraba 7 ga wata, wasu 'yan'uwa biyu ɗauke da bindigogi suka shiga ofishin mujallar Charlie Hebdo a birnin Paris suka kashe mutum 12. Mujallar ta yi ƙaurin suna wajen zanen ɓatanci, har ga Manzon Allah (SAW), amma wannan magana ce ta wata rana. Zuwa ranar Juma'a an ƙara kashe 'yar sanda ɗaya da mutum huɗu a wani kantin Yahudawa, adadin ya kai 17. Ranar Lahadi 11 ga wata mutum kusan miliyan 3.7 suka fito tituna a faɗin Faransa, shugabannin ƙasashe da na gwamnatoci sama da 40 suka jeru kafaɗa da kafaɗa a Paris. Gidajen talabijin na duniya suka wuni a kai, suka kwana a kai.

Baga kuwa, ko da ƙididdigar da hedikwatar tsaron Najeriya ta bayar za a bi, wadda ita ce mafi ƙanƙanta, an kashe mutum 150. Wani babban jami'in yankin ya shaida wa BBC cewa za su kai 2,000. Ba a ce ba a ba da labarin ba. An bayar, can ƙasan shafi, ko a minti na ashirin na labaran duniya. Babban Bishop na Katolika a Jos a lokacin, Ignatius Kaigama, ya fito ya koka cewa ƙasashen Yamma sun kau da kai daga abin da ke faruwa. To me ya sa 17 ta rinjayi ɗaruruwa?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce wariyar launin fata: ran Bature ya fi ran baƙar fata tsada a kasuwar labarai. Ba zargi ne na shaci-faɗi ba, akwai alƙaluma a bayansa. A 2007 wasu masana tattalin arziki biyu, Thomas Eisensee da David Strömberg, suka bi diddigin bala'o'i sama da 5,000 da suka faru daga 1968 zuwa 2002, ambaliya da girgizar ƙasa da fari da makamantansu, suka duba waɗanda suka samu shiga labaran yamma na manyan gidajen talabijin na Amurka. Lissafinsu ya nuna sai mutum 45 sun mutu a Afirka kafin labarin ya samu damar da mutuwar mutum ɗaya a Turai ke samu. Duk wanda ya ga wannan zai ce biri ya yi kama da mutum, a rufe bincike.

Sai dai akwai abubuwan da wannan amsa ba ta iya haɗiyewa. Ranar Alhamis 8 ga Janairu fadar shugaban Najeriya ta fitar da sanarwar yin tir da harin Paris da jajanta wa Faransa. A kan Baga shiru. A ranar ce Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da yaƙin neman zaɓensa a Legas, ana sauran mako biyar a kaɗa ƙuri'ar da aka tsara yi 14 ga Fabrairu. Mahamadou Issoufou na Nijar, wanda ƙasarsa ke shan ruwan tafki ɗaya da Baga, yana cikin waɗanda suka taka a titin Paris, Ibrahim Boubacar Keïta na Mali ma a sahun gaba yake, dab da shugaban Faransa François Hollande. Manyan jaridun Najeriya kuwa hotunan 'yan takara da gangamin jam'iyyu ne suka cinye mafi yawan bangonsu a makon. Babu Bature ko ɗaya a cikin waɗannan. Ke nan launin fata yana da hannu, amma ba shi kaɗai ya yi aikin ba.

Sai a koma ga abin da ake koya wa kowane ɗalibin aikin jarida tun a shekarar farko: kusanci. Mutum ya fi son jin abin da ya shafe shi. A leƙa ɗakin labarai na kowane gidan rediyo mai zaman kansa a Kano da misalin ƙarfe biyar na yamma. Edita na da minti goma, a gabansa ga rahoton gadar da ruwa ya cinye a hanyar wata kasuwa, ga tashin farashin buhun taki, ga gobarar da ta ci shaguna a daren jiya, ga kuma girgizar ƙasa a wata nahiya da ta kashe dubbai. Ya san wanda zai kunna rediyo direban A-daidaita-sahu ne da zai bi ta gadar nan gobe da safe, da manomin da ke lissafin kuɗin taki. Ya san kuma mai tallan da ke biyan kuɗin man janareta masu sauraren Kano yake saye, ba na wata nahiya ba. Idan ya sa gada a gaba bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. Labarin gida abin amfani ne, na nesa abin sani ne kawai. Tun 1965 masu bincike biyu 'yan Norway, Johan Galtung da Mari Ruge, suka nazarci yadda jaridun ƙasarsu huɗu suka ba da labarin rikicin Kongo da Cuba da Cyprus, suka jero sharuɗɗa goma sha biyu da ke sa abu ya zama labari. A ciki har da kusancin al'ada, da faruwa farat ɗaya, da rashin sarƙaƙiya, da kuma shafar manyan ƙasashe da manyan mutane.

Wannan ya wanke editan Paris. Gidansa ne ya kama wuta, ba wanda zai ce masa ya waiwayi Borno. Amma bai bayyana dalilin da ya sa editan Nairobi da na Jakarta da na Legas suka bi sahunsa ba. Daga Legas, Baga ta fi Paris kusa nesa ba kusa ba.

Ga kuma wata hujja da ke rushe batun tazara gaba ɗaya: Chibok. A jihar Borno take, kamar Baga, tazararta da London ko Washington kusan ɗaya da ta Baga. Amma 'yan mata 276 da aka kwashe daga makarantar sakandaren garin a daren 14 ga Afrilun 2014 sun kai har Fadar White House, inda uwargidan shugaban Amurka, Michelle Obama, ta ɗaga kwali mai neman a dawo da su. Mako bakwai kafin nan an yi wa ɗalibai maza 59 kisan gilla a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi a Yobe, duniya ba ta ko motsa ba. Ranar 5 ga Mayu, daidai lokacin da sunan Chibok ke zagaya duniya, aka kashe mutum kusan 300 a Gamboru Ngala, labarin ya wuce kamar ba a yi ba. Jiha ɗaya ko maƙwabciyarta, maharan guda, launin fata guda, tazara guda. To me ya bambanta su? A riƙe wannan tambaya, za a dawo kanta.

Bahaushe ma ai shi ne shaidar cewa kusanci ba da kilomita ake auna shi ba. Tun da BBC ta fara watsa shiri da Hausa a 1957, Muryar Jamus da Muryar Amurka da RFI suka biyo baya, aka samu al'ummar da mai gadi da mai facin taya ke iya lissafo maka firaministocin Isra'ila a jere. A teburin mai shayi za ka ji ana warware siyasar Gaza da Bagadaza filla-filla. Amma gabashin Kongo, inda yaƙi ya ci miliyoyin rayuka tun daga ƙarshen shekarun 1990, da wuya ka ji an ambace shi, alhali ya fi Falasɗinu kusa da mu a taswira. Addini da Masallacin Ƙudus sun jawo Gaza cikin zaure. Ko Sudan, inda Hausawa ke zaune tun zamanin tafiya Hajji a ƙasa, inda rikicin jihar Blue Nile na 2022 ya ci rayukan Hausawa masu yawa, ba ta fi ɗaukar hankalinmu ba sai a Afrilun 2023, lokacin da ɗalibanmu suka maƙale a Khartoum ana neman motocin kwashe su. Da aka gama kwaso su, sai labarin ya yi sanyi, yaƙin kuwa bai tsaya ba. Mu ma muna yi, ba Turawa kaɗai ba.

To idan ba tazara ba ce, sai a bar tambayar wa ke son ji, a koma ga wa ya gani.

A lokacin ofishin Charlie Hebdo yana tsakiyar Paris ne, kuma a ginin akwai wani kamfanin shirya rahotannin talabijin. Da ma'aikatansa suka ji harbi sai suka haye rufi, suka ɗauki maharan da waya. Wani maƙwabci ya ɗauki kisan ɗan sanda Ahmed Merabet daga tagarsa. Hedikwatar kamfanin dillancin labarai na AFP na cikin birnin, tafiyar 'yan mintuna. Kusan duk wata babbar kafar labarai a duniya tana da wakili mazaunin Paris, wadda ba ta da shi kuwa jirgin ƙasa daga London sa'a biyu da 'yan mintuna ne. Kafin a kwashe gawarwaki an riga an kafa kyamarori a bakin titin.

Baga fa? Kusan kilomita 200 ce daga Maiduguri, a kan hanyar da a lokacin ba mai binta sai da rakiyar soja, kuma sojan ne aka kora. Tun 2012 Boko Haram ke ƙona turakun sadarwa a Arewa maso Gabas, a 2013 kuma da aka kafa dokar ta-ɓaci sojoji suka katse layukan waya na watanni. Wanda ya ga abin da idonsa sai ya yi kwanaki yana tafiya a ƙasa, ya iso Maiduguri da kumburarriyar ƙafa, ya samu wanda zai ara masa waya, sannan wani ɗan jarida ya ji daga bakinsa. Wasu shaidun suna tsibiran cikin tafki, sauro na cin su, ba abinci balle caji. Shi ya sa aka fara kisa ranar 3 ga wata, amma girman abin bai fara bayyana ba sai wajen 8 ga wata, lokacin da Paris ta riga ta cika kowane allo.

Kada a ga laifin wakilan da ke Maiduguri. Sun san abin da ya samu Zakariyya Isa na NTA, wanda aka harbe a birnin a Oktoban 2011, da Enenche Akogwu na Channels, wanda aka kashe yana bakin aiki a Kano ranar 20 ga Janairun 2012. Sun ga an tayar da bam a ofisoshin ThisDay na Abuja da Kaduna a Afrilun shekarar. Yawancinsu mutum ɗaya ne ke riƙe da jiha sukutum, ba mota, ba inshora, wani ma yana bin albashin watanni, yana rayuwa da ɗan abin da ake miƙowa a ambulan bayan taron manema labarai. Ɗan abin da duniya ta ji game da Baga ma, irin waɗannan 'yan Najeriya masu aika wa BBC da AFP da Reuters rahoto ne suka tono shi, da waya a kunne daga safe har dare.

Abin takaicin shi ne Baga ba baƙuwar Legas ba ce. Duk wanda ya ci miyar banda a Kano ko Onitsha ko Legas a shekarun nan, da wuya bai ci kifinta ba. Ana ƙyafe tarwaɗa a bakin tafki har ta yi baƙi ƙirin, a danna a kwali, a ɗaure da igiya, a rubuta alamar mai kaya a jiki, manyan motoci su kwaso zuwa Tashar Baga a Maiduguri, daga nan a rarraba ƙasa. Kifin garin yana da dillalai da 'yan kamasho da direbobi a kowane zango. Labarin garin ba shi da ko ɗaya. Babu jaridar da Baga take gida a wurinta, babu gidan rediyon da masu tallansa ke zaune a can.

Nan ne bakin zaren ya fara fitowa. Abin da muke kira labaran duniya, mafi yawansa labarin gida ne na biranen da manyan kamfanonin dillancin labarai ke zaune. Tsarin tsoho ne. Charles Havas ya kafa nasa a Paris a 1835, Bernhard Wolff a Berlin a 1849, Paul Julius Reuter a London a 1851. A 1870 suka yi yarjejeniyar raba duniya a tsakaninsu: Reuters ya ɗauki daular Ingila da Gabas Mai Nisa, Havas ya ɗauki yankunan Faransa da Kudancin Amurka, Wolff ya ɗauki tsakiya da arewacin Turai. Yarjejeniyar ta rushe a 1934, amma hanyoyin da ta shimfiɗa suna nan, AFP ma magajin Havas ne. Ƙasashe masu tasowa sun yi ta ƙorafi a UNESCO a zamanin Amadou-Mahtar M'Bow ɗan Senegal, har aka samu rahoton kwamitin MacBride a 1980, aka kuma kafa kamfanin dillancin labaran Afirka na PANA a Dakar. Amurka ta fice daga UNESCO a 1984, Birtaniya ta bi ta a 1985, maganar ta mutu murus. Don haka editan Legas da ya cika shafin ƙetare da Paris ba son Faransawa ne ya ɗebe shi ba. Rahoton ya zo masa a shirye, da hotuna masu kyau, da kuɗin da ya riga ya biya na wata. Na Baga sai ya tura mutum, ya sayi mai, ya ɗauki alhakin ransa. Labari mai araha ya kori mai tsada.

Duk da haka akwai saura. Zuwa 9 ga Janairu ƙungiyar Amnesty ta riga ta ce mai yiwuwa wannan ne kisa mafi muni a tarihin Boko Haram. Labarin ya iso ke nan. Me ya hana shi kama wuta?

Abu na farko, ba shi da fuska. Mamatan Paris kowa da sunansa da hotonsa da tarihinsa. Har gwarzo aka samu, Lassana Bathily, matashi Musulmi ɗan Mali da ya ɓoye masu sayayya a ɗakin sanyi na kantin Yahudawan, Faransa ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a cikin watan. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da gano yadda zuciya ke aiki a nan. A wani gwaji da Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka wallafa a 2007, an ba mutane dala biyar-biyar, aka nemi su taimaka wa masu fama da yunwa. Waɗanda aka nuna wa hoton wata yarinya 'yar shekara bakwai daga Mali mai suna Rokia sun ba da kusan ninki biyu na abin da waɗanda aka karanta wa alƙaluman miliyoyin mayunwata suka bayar. Da aka haɗa hoton da alƙaluman ma sai kyautar ta ragu. Mutanen Maraɗi sun ga haka a 2005: Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi watanni tana roƙon agaji ba a kula ba, sai da BBC ta nuno yara masu tamowa a watan Yuli sannan kuɗi suka fara shigowa. Gani ya kori ji. Hoton farko da duniya ta samu na Baga kuwa daga tauraron ɗan'adam ya zo, Amnesty ta fitar da shi ranar 15 ga Janairu: ɗigo-ɗigo daga sama, gine-gine sama da 3,700 da aka ƙona ko aka lalata, fiye da 3,100 daga ciki a Doron Baga. Hujja ce mai ƙarfi a gaban kotu, amma ba wanda ke zubar da hawaye a kan taswira.

Na biyu, ba shi da adadi. Tsakanin 150 da 2,000 akwai rami mai faɗi, edita mai gudun kunya kuwa ba ya sa abin da bai tabbatar ba a kanun labarai. Kuma ba wannan ne karon farko da aka yi wa Baga haka ba. A Afrilun 2013, bayan arangamar sojoji da 'yan Boko Haram a garin, mazauna da Red Cross suka ce an kashe mutum sama da 180, soja suka ce 37, sai da Human Rights Watch ta kawo hotunan tauraron ɗan'adam masu nuna gine-gine 2,275 da suka ƙone. Duk lokacin da hukuma ta musanta adadi, labari yakan tashi daga "an kashe" ya koma "ana taƙaddama", taƙaddama kuwa shafi na bakwai take kwana.

Wa ke da ikon ƙirga gawa, ya karanto sunaye, ya kai 'yan jarida wurin? Hukuma. A nan ne sauran guntayen suka haɗu.

Kowane Bahaushe ya san yadda zaman makoki yake. Mai gawa ne ke fito da tabarmi ƙofar gida, ya aika a sanar a masallaci, ya zauna ya karɓi gaisuwa. Idan ya zauna, har wanda bai san mamacin ba zai tsaya ya yi addu'a, don ganin taro. Idan kuwa ya kulle ƙofa ya tafi biki, ya ce wa maƙwabta ciwon kai ne kawai, ba baƙon da zai zo daga wani gari ya shimfiɗa masa tabarma. Hollande ya isa bakin ofishin mujallar cikin sa'a guda ko makamancin haka, ya yi wa ƙasa jawabi a daren, ya ayyana ranar makoki, ya gayyaci duniya. Kowane mataki nasa sabon labari ne: jawabi, farautar mahara, gangami, jana'izar 'yan sanda. Aikin jarida na yau da kullum manyan mutane yake bi, abin da suka faɗa da inda suka je. Wani masani Ba'amurke, Lance Bennett, ya nuna tun 1990 cewa faɗin muhawara a jarida yakan tsaya ne daidai inda muhawarar masu mulki ta tsaya. A Abuja kuwa mai gawar yana neman ƙuri'a, faɗuwar gari da sansanin soja abin ɓoyewa ne a wurinsa. Sai 12 ga wata hedikwatar tsaro ta ba da adadinta, sai 15 ga wata Jonathan ya leƙa Maiduguri. Babu tutar da aka sassauto, babu jerin sunaye. Ɗan jaridar waje da ya so bin labarin ba shi da abin da zai rubuta a rana ta biyu.

Da wannan mabuɗin, Chibok ta daina zama abin mamaki. Ita ma da farko shiru aka yi mata. Hankalin jaridu na kan bam ɗin tashar Nyanya da ya tashi da safiyar ranar a gefen Abuja, soja ma suka ce an kuɓutar da 'yan matan saura takwas, daga baya suka janye maganar. Kusan mako uku shugaban ƙasa bai ce uffan a bainar jama'a ba. Abin da ya bambanta ta da Buni Yadi shi ne an samu waɗanda suka shimfiɗa tabarmar da gwamnati ta ƙi shimfiɗawa. Iyayen yaran suka ƙi yin shiru, suna da sunaye da hotuna a hannu. Oby Ezekwesili, tsohuwar minista kuma tsohuwar mataimakiyar shugaban Bankin Duniya, da Hadiza Bala Usman da wasu mata suka fito zanga-zanga a Abuja ranar 30 ga Afrilu, suka mayar da dandalin Unity Fountain wurin zama na kullum. Dandalin kuwa yana dab da otal ɗin Hilton, inda aka yi taron tattalin arzikin duniya kan Afirka daga 7 zuwa 9 ga Mayu, 'yan jaridar waje cike da gari. Ga kuma bidiyon shugaban Boko Haram, Shekau, na 5 ga Mayu yana cewa zai sayar da su. Sannan 'yan matan suna raye, labarinsu na da gobe, na yaran Buni Yadi kuwa ya ƙare a daren da aka kashe su. Wato Chibok ba ta kai Washington ba sai da ta fara zama labarin gida a Abuja, a bakin mutanen da wakilan waje ke da lambar wayarsu.

Idan bayanin nan daidai ne, ya kamata a samu kisan talakawa a Borno da ya samu shiga saboda an cika waɗannan sharuɗɗa. An samu. Ranar Asabar 28 ga Nuwamban 2020 aka yi wa manoma yankan rago a gonakin shinkafa na Koshebe. Ba 'yan boko ba ne, ba su da kowa a Abuja, da yawansu 'yan ƙwadago ne da suka zo yankan shinkafa. Amma Zabarmari, inda aka kawo gawarwakin, kimanin kilomita 20 ce daga Maiduguri, wakili zai iya zuwa ya dawo kafin azahar. Washegari Gwamna Babagana Zulum ya tsaya a sahun sallar jana'iza, gawa 43 a jere cikin farin likkafani, masu ɗaukar hoto na aikinsu. An yi saɓanin adadi a nan ma, domin jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya Edward Kallon ya fara cewa 110 kafin ofishinsa ya sassauta maganar, amma 43 ɗin nan ba mai iya musanta su, an gan su. Kafin dare hoton ya zagaya duniya. Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya António Guterres ya yi tir, Fafaroma Francis ya ambace su a jawabinsa na ranar Laraba. Shugabanni arba'in dai ba su zo ba, kuma ba za su zo ba, a nan kam lissafin 45 da ɗaya yana nan daram. Amma a cikin gida abin ya yi nauyin da Majalisar Dattawa ta nemi Shugaba Buhari ya sauke hafsoshin tsaro, ta Wakilai kuma ta gayyace shi ya zo ya yi bayani. Ya amsa zai zo, bai zo ba. Hafsoshin kuwa sai 26 ga Janairun 2021 aka sauya su.